Fatar Majemi

Shekara hamsin da ɗoriya ina jima a shiyarmu.
Fatar jar akuya in ta zo mini a ƙandare kamar allo,
na san toka, na san bagaruwa,
na san kwanakin da za ta yi a kwatarniya.
In tsamo ta, in murza, in sha mata mai,
ta yi laushin da za ka rantse jiya aka haife ta.

Tawa fatar ce ta ƙi jima.
Ta yi yaushi a wuya, ta naɗe a bayan hannu,
gwiwa kuma sai na roƙe ta kafin in yi ruku'u.

Ran Laraba Maidamma dillali ya zo da waya a hannu,
ya nuna mini wani tsoho a wata ƙasa yana gudu bakin teku.
Ya ce allura ce, Modi, ƙwayoyin tushe ake kiransu,
sau uku za a yi maka, ka koma ɗan arba'in.
Na ce nawa?
Ya dubi sama, ya dubi ƙasa,
ya faɗi kuɗin gonata ta albasa da ke Kwalkwalawa,
kamar dama ya taɓa auna ta da igiya.

Ban yi barci ba.
Kada in yi ƙarya, na so.
Na so in sake ɗaukar fata sittin a kai zuwa kasuwa
ba tare da na nemi inuwar da zan huta ba.

Luba jikata, mai leƙen jini ta madubi a babban asibiti,
ta zo da magariba, takalminta a hannu saboda taɓo.
Ta ce Kaka, ƙwayoyin gaskiya ne.
Suna kwance cikin ɓargonka yanzu haka,
kamar yaran da ba a kai su koyon sana'a ba:
wannan zai iya zama maƙeri, wancan mahauci,
sai abin da jiki ya kira su.
Na ce to, su kira mini ƙuruciya.
Ta yi dariya har mayafinta ya zame.
Ta ce mai sayar da wannan yana da farashi, ba shi da shaida.
Tsufa ba a gama karanta shi ba tukuna.
Amma a jini, an gani.

Sai ta yi shiru, ta juya wajen katangar gabas.
Ni ma na ji.
Sambo ne, ɗan Hassi, shekararsa tara,
wanda sikila ke sassaƙa wa ƙashi duk damina.
Kukansa ya daina zama labari a gidan nan,
mun saba da shi kamar ƙarar injin niƙa,
Allah ya yafe mana.

Ta ce in ɓargon yayarsa ya dace da nasa,
akwai inda ake dasawa.
Da wuya, da haɗari, da tsada,
gonarka ma ba ta kai rabi ba.

Na ce rabin rabi fa, ta kai?

Maidamma ya daina gaishe ni a masallaci.
Jiya aka ɗebi jinin yarinyar, ta runtse ido, ba ta yi kuka ba.
Sun ce a saurara, sakamako sai ya je ya dawo.

Na jiƙa fata goma sha biyu da asuba.
Ni ba baƙon jira ba ne.
Man da ya rage a tafina na shafa a gwiwa,
bai yi komai ba,
na dafa bango na tashi.